Telar Masu Hannu Ɗaya

A layin teloli, inda shaguna goma sha ɗaya suka jeru suna kallon titi, ba wanda ya san ta da wani suna in ba Allura ba. Tun tana koyon ɗinki aka laƙaba mata shi, don siririya ce, kuma in ta faɗa maka magana sai ka ji ta shige ka. Shekara goma sha shida ta yi a shago na bakwai, ita da kekenta da wani madubi mai tsaga a gefe, tana ɗinka wa mata kayan fita. Ba ta fi kowa iya ɗinki ba, ita ma ta san haka. Abin da ta fi su da shi ɗaya ne: in ta ce ki zo Talata, to Talatar ce.

Mahaifinta tsohon malamin makaranta ne, mai tsaftar da har ta zama tsirfa. Shekara talatin yana koyarwa, ba ɗalibin da ya taɓa ganin maɓallin rigarsa a buɗe. Bayan ya yi ritaya ma, ko jarida zai fita saye sai ya goge riga. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai faɗuwarsa aka ji. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti Allura ta ɗauko shi zuwa gidanta, don ita ce babba, mahaifiyarsu kuma ta daɗe da rasuwa.

Abinci bai zama rigima ba, magani ma yana sha ba musu. Rigimar a wajen saka riga take. Hannun da ya shanye ya ƙage, gwiwar ba ta miƙewa, sai an ɗaga kafaɗar an murɗa kafin ya shiga hannun riga.

"Wayyo! Ke ƙarasa ni za ki yi?"

"Yi haƙuri Baba, saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan."

In an gama da hannu sai a zo kan maɓalli. Nan ba ya ihu. Juyar da kai yake ya kalli bango har ta gama ɓalla masa, ita kuwa wannan shirun ya fi mata ihun ciwo. Wata rana tsofaffin abokan aikinsa su uku suka zo duba shi, suka zauna a falo. Ta shiga ɗaki ta same shi zaune a bakin gado, ya yafa zanen gado a kafaɗa.

"Ce musu ina barci."

"Baba, daga nesa fa suka zo."

"Na ce ina barci. Mutumin da 'yarsa ke ɓalla masa riga ai barci ya fi masa."

Ranar ta tafi shago da wata shuɗiyar rigarsa a jaka. Ta tsaga bayanta daga wuya har ƙasa, ta sa mata igiyoyi, ta dawo tana murna. Baba ya ɗaga rigar da hannun hagu, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye.

"Wannan ai rigar asibiti ce. An sallame ni ko ba a sallame ni ba?"

Maganar ta yi mata zafi, amma ta tsaya ta yi tunani a kanta. Ita sauƙin kanta ta nema, shi kuwa mutuncinsa yake nema. Sai ta sake lale. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci, shi ta mayar abin gwaji. In ya dawo daga aiki sai ta ɗaure masa hannun dama a jiki da ɗankwali, ta miƙa masa riga ta ce ya saka.

"Ni dai na ga ta kaina," in ji shi, yana kokawa da wuyan riga. "Wasu sun auri tela suna saka sababbin kaya, ni na auri tela an mayar da ni gunkin shago."

"Bar surutu. Ina ya maƙale?"

"Ko'ina."

Sau biyar tana ɗinkawa tana farkewa. A ta shida ta dace. Daga gaba riga ce kamar ta kowa, da maɓallanta a jere, sai dai na ado ne. A ƙarƙashinsu ta ɓoye abin mannawar nan irin na takalman yara, wanda ake dannawa ya kama, a ja ya buɗe. Hannun dama kuma ta buɗe shi ta ƙasa daga hammata har wuyan hannu, yadda ba sai an cusa hannu ba, lulluɓa shi kawai za a yi a manne.

Ta kai wa Baba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Fita ki ba ni wuri."

Ta tsaya a bayan ƙofa tana jin motsinsa da nishinsa. Sau biyu ta kai hannu za ta tura ƙofar, ta fasa. An kusa kwata kafin ya kira.

"Ke! Miƙo min kum."

Ta shiga ta same shi a zaune tsaf, rigar ta ɗan karkace a kafaɗa, amma da kansa ya saka. Ta yi kamar ba ta ga karkacewar ba. Yana taje kai ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Mutanen nan da suka zo rannan, a aika musu na tashi daga barci."

Sau biyu a mako take kai shi sashen gashin ƙashi na asibiti. Mai kula da shi wata ma'aikaciya ce mai jiki da murya, kowa Sista yake ce mata. Ta saba ɓata lokaci wajen cire wa majinyata riga, sai ta ga ta Baba ta fita kamar ɓawon ayaba. Ta ɗauki rigar ta leƙa cikinta.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"'Yata ce," in ji Baba, yana gyara zama.

Sista ta miƙe da rigar a hannu. Ta leƙa baranda inda majinyata da masu jinyarsu suke zaune a kan benci, ta daka kira: "Ku zo ku ga wani abu!" Kafin Allura ta bar asibitin mutum bakwai sun karɓi lambarta.

Nan ta yi kuskurenta na farko, kuma da kanta take ba da labarinsa tana dariya. Zumuɗi ya ɗebe ta, ta sayi yadi ta ɗinka riguna arba'in irin ta Baba sak, ta ɗauko su a buhu zuwa asibiti. Sista ta zaro ɗaya, ta zaro ta biyu, ta zaro ta uku, ta riƙe haɓa.

"Baiwar Allah, ke a tunaninki duk wanda ciwon nan ya kama dama yake kamawa?"

Rabin mutanen bencin hagu ce ta shanye musu. Wasu ma riga ba ita ce damuwarsu ba. Guda tara kawai aka ɗauka. Ta mayar da buhun shago ta tura ƙarƙashin tebur, ta kwana biyu ba ta son kallonsa.

Daga nan ta rage zama a kan keke, ta ƙara zama a kan benci. Duk ranar da ta kai Baba sai ta tafi da littafi da fensir, ta matsa kusa da wanda ta samu, ta gaishe shi, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, "Don Allah wajen saka kaya me ya fi ba ku wahala?" Da farko mutane na nuƙu-nuƙu. Daga baya suka saki jiki, ashe ba wanda ya taɓa tambayarsu. Wata ta ce mijinta yini yake a keken guragu, ɗinkin aljihun baya ya ci masa fata har ya yi gyambo. Wani ya ce wandon mahaifinsa in ya zauna baya yake zamewa, gaba ya tattare. Wata dattijuwa ta jawo Allura kusa, ta raɗa mata cewa wata takwas ba ta shiga taro ba, saboda jakar fitsarin da aka sa mata ba ta da inda za ta ɓoye ta. Allura ta ɗinka mata siket mai aljihun ciki. Bayan mako biyu dattijuwar ta zo benci da jan baki.

A layin teloli kuwa an samu abin hira. "Telar marasa lafiya" suka koma kiranta, in ta wuce wani ya yi tarin ƙarya ya ce a auna shi. Wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta shigo ta tarar da wani tsoho a keken guragu ana gwada masa wando, ta kwashe yadinta ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Aikin biyu kuma ya fara cin juna, har karo na farko a rayuwarta ta saɓa alƙawarin ranar karɓa. Abin ya tsaya mata a rai. Da yamma tana yanka albasa ta faɗa wa mijinta cewa za ta bar ɗinkin kayan fita gaba ɗaya.

Ya ajiye wasa gefe, abin da ba halinsa ba ne. "Kin san shi ne muka sani, shi ke riƙe da shagon."

"Na sani. Amma masu ɗinka kayan fita mu goma sha ɗaya ne a layi ɗaya. Mai ɗinka wa irin su Baba ni kaɗai ce. In na bari, wurin wa za su je?"

"To, taura biyu dai ba ta taunuwa," ya ce. "Allah ya sa albarka. Ni dai a daina ɗaure min hannu."

Aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ta shiga neman mai taimako. Aka kwatanta mata wani dattijo da ya yi shekaru yana yanka a wata masana'antar tufafi kafin a rufe ta, yanzu yana facin kaya a wani lungu na kasuwa. Mai Almakashi ake ce masa, kuma an gargaɗe ta cewa bakinsa ba linzami. Ta kai masa riga ɗaya. Ya gyara tabarau, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Dabarar ta wace ce?"

"Tawa ce."

"Dabara ta yi. Yankan fa, wa ya koya miki? Mahauci?"

Da wata ce, da ta tashi ta bar masa wurin. Allura ta ji maganar har cikin ƙashinta, ta haɗiye, ta ce, "Shi ya sa na zo, Baba. In ka fi mahaucin, gobe ƙarfe takwas."

Ya zo bakwai da rabi. Shi ya hana ta auna kowane mutum daga farko kamar mai ɗinkin amarya. Ya zauna da littafinta na benci, ya fitar da samfuri a kan kwali, girma huɗu, kowanne da na dama da na hagu, ya huda su ya rataye a ƙusa. Rigar da take cin yini guda ta koma awa biyu. Kullum sai sun yi faɗa, kullum sai ta ɗauko wani abu daga faɗan. Ko rigunan buhun nan bai bar su ba, ya farke rabi ya mayar da su na hagu.

Ƙanwarta, wadda gida ake kira Auta duk da ta haura talatin, ta rasa aikinta a wani shagon sayar da waya a daidai wannan lokaci. Ita ta kawo shawarar a ɗauki bidiyon yadda ake saka rigar a sa a intanet. Allura ta ce wa zai yarda a nuna shi. Baba da yake jin su daga ɗaki ya ce, "Ni." Ya sa aka kawo masa kujera tsakar gida, ya kalli wayar kamar yadda yake kallon aji, ya ce, "Ku lura da kyau, sau ɗaya zan yi." Ya saka rigar yana bayani dalla-dalla, ya gama ya ce, "Akwai mai tambaya?"

Tambaya kuwa ta zo, har ta fi ƙarfin wayar Auta. Daga garuruwan da Allura ba ta taɓa zuwa ba ake kira, ana naɗe kaya a kai tasha a ba direbobi. Cikin shekara biyu suka bar shago na bakwai, suka kama wani tsohon sito a bayan kasuwa mai manyan tagogi. Keke takwas, teburin yanka mai tsawo, da ƙofar da ta sa aka faɗaɗa aka yi mata gangare don keken guragu ya shiga ba sai an ɗaga ba. Baba ya naɗa kansa mai duba aiki. Duk sabon samfuri sai ya saka ya cire, in bai yi masa ba ya ce, "Biyu bisa goma, a sake." Haka ya yi har Allah ya karɓi abinsa, shekara biyar bayan faɗuwarsa.

Jarrabawa mafi girma ta zo bayan rasuwarsa. Mai kawo musu abin mannawa ya ce kaya sun yanke, sai suka saya a wurin wani. A ido iri ɗaya ne, a hannu ma haka. Bayan wata biyu wata mata ta faɗo siton ko sallama babu, ta wurga riga a kan teburin yanka.

"Wace ce mai wurin nan?"

Kekuna suka tsaya. Allura ta fito ta ce ita ce.

"Kin ga abin da rigarki ta yi wa mahaifiyata?"

Ta nuna hoto a waya. Wani dogon ciwo ne a ƙarƙashin hannu, ya yi ja ya fara ruwa. Allura ta ɗauki rigar ta shafa gefen abin mannawar. Wanki ya sa bakinsa ya ƙandare ya yi kaifi kamar reza. Tsohuwar kuma ba ta ji a wannan ɓarin, kwanaki yana yankarta ba ta sani ba. Allura ta ajiye rigar. Ba ta kawo uzurin kowa ba. Ta ce, "Laifina ne. Kai ni wurinta." Ta bi matar har gida, ta durƙusa a gaban tsohuwar ta ba ta haƙuri, ta kira Sista ta zo ta duba ciwon.

Da ta dawo ta tara kowa. Riga ɗari da talatin aka ɗinka da wannan kayan, duk sun fita.

"Yaya, mu canza wa duk wanda ya kawo ƙorafi," in ji Auta. "In muka bi su ɗaya-ɗaya muna cewa kayanmu na yanka mutane, ai mun kashe kanmu da kanmu."

"Wanda ba ya ji a fatarsa, ta yaya zai kawo ƙorafi?"

Mai Almakashi ya cire tabarau ya ce, "Yau dai kin yi yanka daidai."

Mako uku ba a ɗinka sabon abu ba. Auta ta bi lambobi tana kira, muryarta har ta dushe. Wasu sun yi godiya, wasu sun zazzaga mata masifa, wasu suka ce kada a ƙara kiransu. Wanda waya ba ta same shi ba Allura ta hau mota ta je. An samu mutum huɗu da abin ya fara ci wa fata, ba ɗayansu da ya lura. Ma'aikata biyu suka ga kamar jirgin zai nutse, suka kama gabansu. Watanni aka yi ciniki na tafiyar hawainiya, ita kuma ta rame har sunanta ya ƙara dacewa da ita.

Tun daga nan ta kafa doka. Duk sabon kayan da ya shigo, yadi ne ko zare ko abin mannawa, sai an yanki ƙyalle an wanke shi sau ashirin, an shanya a rana, sannan ta goga shi a cikin wuyan hannunta. Akwai baho a bayan sito da ba shi da wani aiki sai wannan. Labarin kiran da suka yi kuwa ya zaga a hankali, daga wannan benci zuwa wancan. Matar da ta wurga riga ita ce daga baya ta kawo musu maƙwabta uku.

Da abin ya karɓu, masu kwaikwayo suka fito. Wata rana Auta ta shigo a fusace da wata riga da ta sayo a wata unguwa, irin tasu sak, har wurin da ake ɓoye ɗinki.

"Sata ce ƙiri-ƙiri! Mu kai shi ƙara."

Allura ta juya rigar ciki waje, ta shafa. "Bai naɗe bakin ba. Wannan zai ji wa wani ciwo. Ina shagon yake?"

Telan, wani magidanci mai sanƙo, yana ganinta ya gane ta, ya miƙe yana kame-kame. Ta ce ya zauna. Ta nemi ƙyalle, ta hau kekensa, ta nuna masa yadda ake naɗe bakin abin mannawa a rufe shi da yadi mai laushi, ta faɗa masa irin wanda zai guje wa a kasuwa. Ya tsaya yana kallonta baki buɗe.

"Hajiya, ni fa kwaikwayonki na yi."

"Na gani. To ka kwaikwaya da kyau. Masu buƙatar nan ko mu ɗari ne ba mu ishe su ba."

A hanya Auta ta yi ta mita cewa Yaya ta ɗauki tuwon bakinta ta ba wani. Allura ta ce shi riga ɗaya ya gani, bai ga mutanen da suka sa aka yi ta ba, kafin ya gama koyon wannan sun yi gaba. Bayan shekara telan nan ya zo da kansa yana neman a riƙa ba shi aiki. Yanzu shi ke ɗinka musu wanduna a shagonsa, da mutum uku a ƙarƙashinsa.

Yau mutum ashirin da uku ke aiki a siton, biyar daga cikinsu da sanda ko keke suke zuwa. Allura ta haura hamsin, ido ya fara neman tabarau. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne sakin aiki a hannun wasu. Sai da Mai Almakashi ya ja layi da alli a ƙasa kewaye da teburinsa, ya ce in ta tsallaka zai ajiye aiki, sannan ta haƙura ta bar masu yanka da yankansu, masu waya da wayarsu.

Kwanakin baya shugabar wata makarantar yara masu buƙata ta musamman ta kira. Tana da ɗalibai sittin, kayan makarantar da ake saya musu a kasuwa ba sa shiga ta kan ƙarfen ƙafa, sandar hammata kuma tana cinye riga cikin wata guda. Auta ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Yaya, guda nawa zan ce za mu iya, kuma zuwa yaushe?"

"Kada ki ce komai tukuna. Tambaye ta ƙarfe nawa suke fita hutun tara, in je in ga yadda suke wasa."